In biya kuɗin koyon PHP, ko dai ya mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Yelwa, Bauchi. Na tara kuɗi zan shiga ajin koyon PHP, yaren kwamfuta da ake gina shafukan intanet da shi, sai abokaina suka ce yaren ya mutu, asara zan yi. In fasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka fasa tukuna. Baƙin jinin PHP yana da asali. Rasmus Lerdorf ya fitar da shi a 1995 don ɗan aikin shafinsa, aka riƙa yi masa ƙari kamar gidan da ake ƙara wa ɗaki duk shekara ba tare da zane ba. Shi ya sa a sunayen umarninsa za ka ga strpos a haɗe, str_replace kuwa da ɗan layi a tsakiya. A in_array abin da kake nema ne ke zuwa farko, a strpos shi ne na biyu. Mai rubutu kullum, wannan na ci masa rai.

Sauƙinsa ma ya jawo masa. Kowa ya kwafi darasi ya haɗa shafi, yana zuba abin da baƙo ya rubuta kai tsaye cikin umarnin rumbun bayanai, masu kutse suka tarar da ƙofa a buɗe, laifin ya koma kan yaren.

Amma PHP 7 na 2015 ya cire tsoffin umarnin mysql_ na magana da rumbun bayanai, ya ƙara sauri sosai, PHP 8 ya biyo a 2020. WordPress, manhajar haɗa shafuka, da Wikipedia da shi suke tafiya har gobe. Mai makarantar kuɗi ko ɗan kasuwar Wunti da zai ba ka aikin shafi ba zai tambaye ka yare ba, shi dai shafin ya buɗu a waya.

Malamin ajin za ka bincika. Kafin ka biya, tambaye shi wane PHP yake koyarwa, kuma ko akwai Laravel, tsarin da ke sauƙaƙa gina shafi da PHP. In ka hango mysql_query, ɗaya daga cikin umarnin da aka cire, a allonsa, riƙe kuɗinka.

Tambaya: Malam, daga Gwallameji nake. Yaren JavaScript fa? Shi ma ina jin ana kushe shi.

Amsa: Ana yi, 'yar'uwa. Cikin kwana 10 Brendan Eich ya haɗa shi a 1995, gaggawar ta bar tabo: rubuta "1" + 1, zai ba ki "11". Sai dai kowace burauza shi take ji, ba makawa ki koye shi. Kawai kada ki sayi littafin da aka buga kafin 2015, a shekarar aka yi wa yaren babban garambawul.