Tambaya da Amsa: Wai robot ne zai yi ma yayana tiyatar hanta?

TAMBAYA: Salam likita, dan Allah yayana ne aka gano yana da ƙari babba a hanta, mun tura sikanin ɗinsa wani asibiti a Indiya sun ce za su cire da robot ba sai an farka cikin ba. Hajiyarmu ta ce ita fa inji ba zai taɓa mata ɗa ba. Anya abin zai yiwu kuwa? Daga 'yar uwarku a Gusau.

AMSA: Wa'alaikis salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ki kwantar wa Hajiya da hankali, injin nan ko motsi ba ya yi sai likita ya motsa shi. Wanda aka fi sani sunansa da Vinci, tun 2000 Amurka ta amince da shi. Likita yana zaune gefe cikin ɗakin tiyatar yana kallon hoton hantar an ƙara masa girma kusan sau 10, yana juya hannuwan injin da yatsunsa ta wasu 'yan huji da ba su kai santimita 1 ba bayan an hura cikin da iska, ko hannunsa ya ɗan yi rawa injin yana tacewa. Daga ƙarshe dai sai an ɗan yanka a ƙasan mara a zaro ƙarin cikin jaka. Yawanci jini bai cika zuba ba, kuma ana saurin tashi.

Amma ni ba injin ne damuwata ba wallahi, hantar da za ta rage ce. Kashi 8 likitoci suka raba hanta, in lafiyayya ce ana iya cire kusan 70 cikin 100 ta sake tofowa, to amma a wajenmu yawancin masu kansar hanta ciwon hanta nau'in B ne ya daɗe yana cin su har ta ƙandare, irin wannan sai an bar 40 cikin 100 ko fiye, wani lokacin ma sai an toshe jijiyar jinin ɓangaren da ke da ƙarin, a jira 'yan makonni don ɗaya ɓangaren ya girma tukuna.

Kafin ku sayar da fili ku biya kuɗin jirgi ku tambaye su, ƙarin ya kama manyan jijiyoyin jini? Ya bazu? Likitan ya saba cire babban yanki da robot? In jini ya ɓalle fa dole su farka cikin nan take, wannan ba gazawa ba ce. Ke da sauran 'yan gida kuma ku je a gwada jininku, in yana da B ɗin.