Ƙanena ya yi wa maƙwabci rauni cikin ciwo, an ce in sayi “takardar hauka”

Tambaya: Dokta, barka da aiki. Ni ce babba a ɗakinmu, a nan Maraɗi muke. Ƙanena ɗan shekara 26 ya yi shekara uku yana shan maganin ƙwaƙwalwa, sai bara wani mai magani ya ce wa mahaifiyarmu iska ce, a bar ƙwayoyin. Watan jiya ya bugi maƙwabcinmu da taɓarya, ya fasa masa kai, yana cewa shi ke turo masa murya ta bango. Yanzu yana gidan kaso, in an tambaye shi sai ya ce bai tuna ba. Wani a bakin kotu ya ce in kawo jaka 150 ya samo mini takardar hauka a sake shi. Ba na barci. Me zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya sassauta, Ya ba maƙwabcinku lafiya. Ki riƙe kuɗinki tukuna, ki saurare ni.

Dokar hukunta laifuka ta Nijar, wadda aka kafa a 1961, ta gaji ƙa'ida guda daga sashe na 64 na dokar Faransa ta 1810: babu laifi idan wanda ake tuhuma hankalinsa ya gushe a lokacin da ya aikata abin. Duk nauyin maganar yana kan “a lokacin”. Ba a tambayar ko ya taɓa ciwo, ko yana da ciwo yau a kaso. Ana tambayar yadda kansa yake a daidai sa'ar da ya ɗaga taɓaryar. Ko kin ƙetara Ɗan Isa kin shiga Katsina, ma'aunin kusan ɗaya ne, duk da su nasu daga Ingila ya fito: shin ya san abin da yake yi, kuma ya san bai dace ba? Addini ma ya riga su, da hadisin da ya ce an ɗage alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo.

To yanzu ga abin da ke ƙona mini rai, don kusan kullum sai an shigo mini da shi. Babu wata aba mai suna takardar hauka da ake nuna wa gandiroba ya buɗe ƙofa. Babu ita. Wanda ya ce miki yana da ita ɗan damfara ne, irin waɗanda ke zaune a gindin bishiya kusa da kowace kotu da jakar takardu a hammata, suna karanta fuskar mata masu kuka. Alƙali mai bincike ne ke naɗa likitan da zai duba mutum, shi ke rubuta masa tambayoyin da zai amsa, kuma ko rahoton likitan ya zo, alƙalin bai zama dole ya bi shi ba. Takardar da kika shigo da ita daga waje, mai tambarin da ba a san asalinsa ba, abu biyu za ta jawo. Na farko, ke kanki kin shiga laifin amfani da takardar jabu. Na biyu, wanda ya fi ciwo, kin ɓata gaskiyar ƙanenki. Yaro ne mai ciwo na haƙiƙa, amma da zarar alƙali ya kama ƙarya ɗaya a dosiyensa, sauran duka sai ya dube su da ido ɗaya.

Kuma 'yan damfarar ba a takarda suke tsayawa ba, har darasi suke bayarwa. Na taɓa zama da wani saurayi da aka koya wa wasan. Na tambaye shi ƙafafun akuya nawa ne, ya ce biyar. Na nuna masa biro, ya ce cokali ne. Da na sunkuya kamar ina rubutu, sai ya saci kallona ya ga ko abin ya ci. Mai ciwo na gaske ba haka yake ba. Ya san akuya, ya san ranar kasuwa, yana iya lissafa miki canji daidai, amma ya yi imani har zuciyarsa cewa bango na magana. Sau da yawa ma ɓoye ciwon yake, ya rantse lafiyarsa ƙalau. Saurayin nan, abin takaici, yana da wata matsala ta gaske da za ta iya sa a sassauta masa, wasan da aka koya masa ya binne ta. Don haka kada kowa ya ce wa ƙanenki ya yaga riga ko ya ci ƙasa.

Kishiyar wannan ruɗu ita ma tana nan, masu cewa ai wane yana da kati a asibiti, ko ya kashe mutum ba a taɓa shi. Ƙarya ne. Mutum yana iya zama da ciwo shekara 10, ya shirya sata da hankalinsa garau, ya ɓoye kayan, ya gudu daga jandarma, kuma a hukunta shi. Wanda ya haɗiyi tramol ko ya sha wiwi da ganganci ya yi ɓarna, shi ma kada ya sa rai da wannan ƙofa.

Batun “ban tuna ba” kuwa, kada ki ɗora komai a kansa. Zuciya tana da dabarun kare kanta daga abin da ya fi ƙarfinta: ta musanta, ta binne, ko ta ɗora wa wani. Masu lafiya da yawa sukan manta daƙiƙun da jini ya zuba, don haka mantuwa ba hujjar gushewar hankali ba ce, ba kuma lallai ƙarya ba ce. Ku ma a gida irin wannan dabarar kuka yi. Cewa iska ce ya fi sauƙin haɗiyewa ga uwa fiye da cewa ɗanta yana da ciwon da zai sha magani shekaru. Ban ga laifin mahaifiyarku ba. Laifin na wanda ya karɓi kuɗinta ne ya ce a zubar da ƙwayoyi, alhali yanke irin wannan magani kai tsaye shi ne babbar hanyar dawowar ciwon. Ban hana addu'a ba, ban hana ruƙiyya ba, ni ma ina yi. Amma wanda ya hana magani, ko ya sa wa marar lafiya mari a ƙafa yana zane shi da sunan korar aljani, ya ji tsoron Allah, yana da hannu a jinin da ya zuba.

Hujjarki ta gaskiya tana cikin kwanon da mahaifiyarku ke ajiye takardu. Ki tattaro karnen asibitinsa, tsofaffin takardun magani masu kwanan wata, har da fankon kwalayen ƙwayoyi in suna nan. Ki rubuta watan da ya daina sha, da lokacin da ya fara daina barci da maganar bango. Ki nemo maƙwabtan da suka ji yana wannan magana tun kafin ranar, domin shaidarsu ta fi taku ƙarfi. Ki kai wa lauya duka, ya roƙi alƙali mai bincike a rubuce ya sa a yi masa gwajin ƙwaƙwalwa, ya kuma nemi a mayar da shi kan magani tun yana tsare. Abin yana jan lokaci, likitocin wannan fanni kaɗan ne a ƙasar, wani sa'in sai an dangana da Yamai, takarda kuma takan kwana a tebur har ta yi ƙura. Sai kin yi ta sintiri.

In an tabbatar hankalinsa ya gushe, ana iya rufe tuhumar. In an ga ya raunana ne kawai, ana iya sassauta hukunci. Ko wanne ya faru, zai buƙaci kulawar asibiti. Jaka 150 ɗin nan kuma, ki ɗauki kawunku ko mai unguwa ku je ku duba maƙwabcin, ku biya masa kuɗin ɗinki da magani. A fiƙihunmu na Malikiyya ma, ɗage alƙalami bai shafe diyya ba.