Ajiye wayar, zo mu kalli bango

Wai kana tambayata yadda ake zaɓar launin da zai dace da ɗaki, kana tura min hotunan Instagram a fuska. Ajiye wayar nan tukuna. Ku yaran yanzu, da mutum ya iya riƙe rola sai ya ɗauka ya gama koyon aiki.

Kayan ɗakin ne ke zaɓar fenti. Ka dubi tayil, ka dubi labule da kujeru, don su ba a canza su da sauƙi. In kujerun ruwan ƙasa ne, ruwan madara ya ishe ka. Irin ɗakunan Agege da Idi-Araba a nan Legas, da taga ke kallon bangon maƙwabci, ka sa musu launi mai duhu ka mayar da su kurkuku. Silin fari, wannan ko jariri ya sani.

Amma ka tuna min da wani Alhaji a Lekki, Allah ya isa tsakanina da shi. Ruwan toka ya gani a waya ya ce shi yake so, falo da ɗakuna duka. Na ce Alhaji, bari in sayo galan ɗaya mai lita 4, in shafa a gefen taga da kusurwa, mu bar shi ya bushe, mu gan shi da rana mu gan shi da dare. Ya ce ba shi da lokacin wasa, biki ya matso. Kafin alƙalamin da ya ba ni ko rabin kaya bai saya ba, na cika da kuɗina na ɗauko durom-durom masu lita 20. Kullum daga Agege muke tasowa da asuba, mu sha gosulo a gadar Third Mainland, mu shafa hannu biyu tsaf, wato shafi na farko da na biyu. Da rana bangon nan sai ka rantse hoton ne. Da magariba aka kunna fitilu, ashe ƙwayayen gidan duk masu haske ja-ja ne, sai tokar ta koma wani dauɗa-dauɗa. Hajiya ta shigo ta ce wannan ba launinta ba ne. Mutumin da ya nuna min hoto da yatsansa ya dube ni ya ce ni na canza masa fenti. Na ce a sa fararen ƙwayaye a gani, ya ƙi. Cikon kuɗina har yau, maigadi ma aka hana ya buɗe min ƙofa. Daga baya na ji ƙwan kawai suka canza, fentina na nan a bango.

Saboda haka ko wa ya kira ka, gwaji a bangon ɗakin da kansa, kuma uwargida ta gani da idonta ta ce ta yarda. Kuɗin kaya ya shigo hannu cif kafin ka buɗe murfi. In launin haɗawa za a yi, a haɗa wanda zai isa gaba ɗaya, don na biyu ba ya fitowa daidai da na farko.

Sannan Legas garin danshi ne. Bangon da ke tsatsafo da ruwa a damina, ko wane launi ka sa masa zai kumbura ya ɓare, sai an gyara shi ya bushe. Yanzu tashi ka wanke rolar can kafin ta sandare.