Shin tuwon dawa ya yi wa mai ciwon zuciya nauyi?

Tambaya: Likita, mahaifinmu yana da hawan jini, kuma a asibiti an ce zuciyarsa ta fara kumbura. Maƙwabta suka ce tuwon dawa ya yi masa nauyi, sai muka mayar da shi kan biredi da shayi da lemon malt. Hankalina bai kwanta ba. Mun yi daidai kuwa? Daga wata mai karatu a ƙaramar hukumar Ringim, Jigawa.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Malama, ku mayar masa da tuwonsa. Cikin abubuwan da ke cutar da jijiyoyin jini akwai hatsin da aka raba da dusarsa, da kuma sukarin da ake zubawa a abin sha. Farar fulawa tana narkewa nan da nan, sukarin jini ya yi sama, kuma idan aka ɗore a haka ƙiba da kitsen jini sukan biyo baya. Dawa da gero da ba a tsananta surfensu ba, tare da wake da zogale, suna da harza, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa, wadda ke rage wannan saurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana.

Maganar malt kuwa ta ishe ni. Kullum sai na ga 'yan dubiya sun jere kwalabe a gefen gadon mai ciwon zuciya, wai ƙarin jini, alhali yawancinsa ruwa ne da sukari. Hukumar ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kusan giram 50, kuma kwalba ɗaya da kofin shayin da aka cika wa sukari sun isa su cinye wannan kaso. Biredin ma akwai gishiri a cikinsa, gishiri kuwa yana tara ruwa a jikin wanda zuciyarsa ta raunana. Abin takaici, dusar da muke ba awaki ita ce tsohon yake buƙata, mu kuma muna kashe kuɗi a kanti muna sayo masa abin da zai ƙara masa ciwo, don kawai maƙwabta sun ce abincin gargajiya nauyi gare shi.

Ku ba shi malmala madaidaiciya da miyar kuka ko ta ganye, a rage gishiri da dunƙule, kunu kuma babu sukari. Kada ya daina shan maganinsa, kuma idan ƙafafunsa suka kumbura ko numfashi ya yi masa wuya in ya kwanta, ku kai shi asibiti a ranar.