Na ƙara RAM da SSD amma bidiyo na sarƙewa: in kashe hanzarin zane ko in bar shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Garwa nake. Ina da laftof 'yar gwanjo mai furosesa Core i5-3320M. Na sa mata SSD da RAM guda ɗaya mai giga 8, tana kan Windows 10. Yanzu tana buɗewa da sauri, amma in na kunna YouTube a Chrome sai hoto ya riƙa tsayawa, fanka na ta kuka. Wani mai gyara ya ce in kashe accélération matérielle, wato maɓallin hanzarin zane na Chrome. Na kashe, sai zafi ya ƙaru. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka mayar da shi ka kunna. A irin na'urarka kashe shi ba magani ba ne, kuma zafin da ka ji ya ƙaru shi ne shaida.

Abin da wannan maɓallin ke yi shi ne miƙa aikin hoto ga guntun zane maimakon furosesa ta yi shi ita kaɗai. Furosesarka ta shekarar 2012 ce, tana da cibiya biyu kacal, kuma a jikinta akwai guntun zane Intel HD 4000. A cikin guntun akwai wani ɓangare da aka ƙera musamman don warware bidiyo, yana cin wuta kaɗan. Sai dai abin da aka ƙera shi da shi kawai ya sani. A cikin tsare-tsaren da ake matse bidiyo da su, ya iya H.264, bai iya VP9 ba, balle AV1. Intel ba ta sa cikakken mai warware VP9 ba sai a zuriya ta 7 ta furosesocinta, shi kuwa AV1 sai a zuriya ta 11 a 2020. YouTube kuma yawanci VP9 ko AV1 yake turo wa Chrome. Ka ga ke nan ko maɓallin na kunne, bidiyon na komawa kan furosesa. Da ka kashe shi, sai ka ɗora mata har da zana shafin da gungura shi, waɗanda a da guntun ke ɗauke mata.

Ka tabbatar da kanka. Kunna bidiyo, danna ɓangaren dama na linzami a kansa, zaɓi Statistiques avancées. A layin Codecs, in ka ga vp09 ko av01, to furosesa ce ke shan wahala. In avc1 ne, H.264 ke nan. Kada ka ɓata lokaci neman shafin GPU, wato guntun zane, a Gestionnaire des tâches na Windows, ba zai fito ba, domin sai direba (manhajar da ke sarrafa guntun) mai matakin WDDM 2.0 yake nunawa, na HD 4000 kuwa bai kai nan ba. Rubuta chrome://gpu a gurbin adireshi, can za ka ga ko warware bidiyo na kan guntun.

Gyaran farko kyauta ne: sa wa Chrome ƙarin nan mai suna h264ify ko enhanced-h264ify, wanda ke tilasta wa YouTube turo H.264. Sai dai yana da naƙasunsa. Ba za ka wuce 1080p ba, kuma H.264 ya fi VP9 cin data a kan kyan hoto iri ɗaya, abin dubawa ne ga mai sayen data da sefarsa. Shawarata ka tsaya a 720p. Galibin laftof na wancan zamanin allonsu 1366 da 768 ne, don haka 1080p asarar data ce kawai, idonka ba zai ga bambancin ba.

Sai batun RAM, inda mutane da yawa ke kuskure wajen ƙari. Guntun HD 4000 ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM ɗin kwamfutar yake aro. Sanda ɗaya ta DDR3-1600 tana wuce da giga 12.8 a daƙiƙa. In ramukan RAM biyu suka cika, hanya ta zama biyu, giga 25.6. Shi ya sa sanda biyu masu giga 4 suka fi ɗaya mai giga 8 amfani ga zane, duk da jimillar ɗaya ce. Tunda kana da mai 8, nemi ta biyu mai gudu da ƙarfin wuta iri ɗaya. Duba takardar jikin sandar, PC3 na nufin bolt 1.5, PC3L bolt 1.35. SSD kuwa ba ruwanta da zane, loda fayil kawai take hanzartawa.

Kada ka raina zafi. A Garwa watan Maris da Afrilu ana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe haƙoran ƙarfen da fanka ke hura wa iska. Furosesa da guntun zane a farantin sanyaya ɗaya suke, kuma idan suka doshi digiri 105 furosesar da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Alamar ita ce bidiyo ya fara lafiya, bayan 'yan mintuna ya soma sarƙewa. A buɗe laftof ɗin, a fitar da ƙurar, a goge busasshen man sanyaya a sa sabo ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa. Kuma a daina ɗora ta kan katifa ko darduma.

Akwai inda mai gyaran ke da gaskiya. In allo na ƙyaftawa, ko bidiyo ya zama kore, ko baƙaƙen murabba'ai su bayyana a shafi, wannan rashin jituwa ne tsakanin tsohon direba da sabon burauza. Fara da sa direban Intel na jerin 15.33, shi ne na HD 4000. In abin bai daina ba, sannan ka kashe hanzarin, amma a manhajar da ke da matsalar kawai, ka kuma sauke bidiyo zuwa 480p. Masu zuriya ta 2 mai HD 3000 sun fi faɗawa wannan hali, domin Intel ba ta fitar musu da direban Windows 10 ba.

Ga masu kwamfutar tebur ta ofis akwai wata mafita da laftof ba ta da ita: ƙaramin katin zane GT 1030, mai cin wat 30, wanda ya iya VP9. A nemi mai ma'ajiyar GDDR5, ba mai DDR4 ba, kuma in akwatin siriri ne a tabbatar katin ya zo da gajeren ƙarfen ɗauri. GT 710 ya fi araha amma bai iya VP9 ba, saboda haka ba zai magance sarƙewar YouTube ba.