Tambayoyinku da Amsoshinmu: Jiragen Ruwa, Bashi da Zinariya Tsakanin Ingila da Faransa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi, kuma littafin da muke aiki da shi ya ce Ingila ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya ne saboda ƙawancenta da Faransa. Shin akwai rubutacciyar yarjejeniyar da ta tilasta mata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Babu ita. Yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 da ake yawan ambata ta sasanta rikicin ƙasashen mallaka ne: Faransa ta sakar wa Ingila Masar, Ingila ta sakar mata Maroko. Ba a yi maganar taimakon yaƙi a ciki ba.

Abin da ya ɗaure Ingila jiragen ruwa ne. A 1912, ganin yadda Jamus ke ta ƙera manyan jiragen yaƙi, Ingila ta kwashe nata daga Malta ta matso da su kusa da gida. Faransa kuma ta ɗauke nata daga Brest ta kai Toulon, a Bahar Rum, gaɓar tekunta ta arewa ta zauna ba mai gadi. A Nuwamba na shekarar, sakataren harkokin wajen Ingila Edward Grey da jakadan Faransa Paul Cambon suka yi musayar wasiƙu, aka rubuta ƙarara cewa wannan rabon aiki ba alkawari ba ne. Amma da yaƙi ya ƙarato, da shi Cambon ya riƙe Grey: mun bar ƙofarmu a buɗe saboda ku, za ku zura ido? Ranar 2 ga Agusta 1914 majalisar ministocin Ingila ta yarda za ta tare jiragen Jamus idan suka nufo gaɓar Faransa. Shelar yaƙi kuwa sai ranar 4, bayan Jamus ta auka wa Beljiyam, wadda ita kam akwai yarjejeniyar 1839 a kanta.

Tambaya: Malamai, ni ɗaliba ce. Na karanta cewa bayan 1918 Ingila da Faransa sun yi ta zaman doya da manja a kan kuɗi. Wa ke bin wa, kuma mene ne ruwan zinariya a ciki?

Amsa: Malama, bashin sarƙa ne. Faransa ta ci bashin Ingila da na Amurka, Ingila ta ci na Amurka, su biyun kuma suna bin Jamus diyyar yaƙi. Ingila ta ba da rance fiye da yadda ta karɓa, sai dai kaso mai tsoka na rancen ya tafi ne ga Rasha, kuma 'yan gurguzu sun yi fatali da wannan bashi a 1918. Shi ya sa a Agusta 1922 Ingila ta sanar cewa ba za ta nemi fiye da abin da Amurka ke binta ba. A 1923 ta amince ta biya Amurka dala biliyan 4.6 cikin shekara 62. Faransa kuwa cewa take: a ƙasarmu aka yi yaƙin, arewacinmu ya zama kufai, sai Jamus ta biya mu sannan mu biya kowa. A Janairu 1923 ita da Beljiyam suka mamaye yankin Ruhr na Jamus don karɓar kwal da ƙarfin soja, Ingila ta ƙi sa hannu, don ita kasuwar Jamus take so ta farfaɗo.

Maganar zinariya ta fi wannan sarƙaƙiya. A Afrilu 1925 Winston Churchill, yana ministan kuɗi, ya mayar da fam kan ma'aunin zinariya a tsohon farashinsa, dala 4.86. Ya yi tsada, kayan Ingila suka ƙi sayuwa a waje. Firaministan Faransa Raymond Poincaré ya yi akasin haka: ya tsayar da faran, kuɗin Faransa, a ƙarshen 1926, doka ta tabbatar a Yuni 1928, a kan kashi ɗaya cikin biyar na darajarsa ta da. Fam ɗaya da yake faran 25 kafin yaƙi ya koma wajen 124. Kuɗi suka yi ta kwarara Faris, babban bankin Faransa ya tara fam jibgi.

To ga inda gizo ke saƙa. A lokacin, a ƙarƙashin ma'aunin zinariya, mai riƙe da fam yana da ikon zuwa Landan ya ce a ba shi zinariya. Duk lokacin da zinariya ta fita, sai bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa don ya tsayar da ita, masana'antu kuma su ji a jikinsu. A Mayu 1927 Émile Moreau na bankin Faransa ya soma wannan canji, Montagu Norman na bankin Ingila ya ɗauke shi a matsayin barazana. Rabon Faransa a zinariyar da manyan bankunan duniya ke ajiye ya tashi daga kashi 7 cikin 100 a 1926 zuwa 27 a 1932. Amma a yi adalci: da fam ya shiga uku a Agusta 1931, Faris na cikin waɗanda suka ba da rancen ceto, kuma da Ingila ta sauka daga ma'aunin zinariya ranar 21 ga Satumba, bankin Faransa ya yi asarar sama da faran biliyan biyu a kan fam ɗin da ya riƙe.

Tambaya: Ranku ya daɗe, da gaske ne Ingila ta buɗe wa jiragen Faransa wuta a 1940? Ba ƙawaye ba ne?

Amsa: Da gaske ne, ɗan'uwa: 3 ga Yuli 1940, a Mers el-Kébir kusa da Oran, a Aljeriya. Tushen abin sashe na 8 na yarjejeniyar tsagaita wutar da Faransa ta sa wa hannu da Jamus ranar 22 ga Yuni. Sashen ya ce za a kwance ɗamarar jiragen ƙarƙashin kulawar Jamus ko Italiya. Kalmar da aka yi amfani da ita, a Faransanci sa ido take nufi, a Ingilishi kuwa iko. Admiral Darlan, shugaban rundunar ruwan Faransa, ya ba da umarnin a nutsar da jiragen idan Jamus ta kai musu hannu, amma Churchill, wanda ya zama firaministan Ingila, bai ga dalilin jingina ran ƙasarsa a kan maganar mutum ɗaya ba. Dama akwai tsohon miki: a Yuni 1935 Ingila ta yarje wa Hitler rundunar ruwa mai kashi 35 cikin 100 na tata, ba da yardar Faransa ba.

Admiral Somerville na Ingila ya aika wa Admiral Gensoul, kwamandan jiragen Faransa a Mers el-Kébir, zaɓi: ku biyo mu a ci gaba da yaƙi, ko ku kai jiragen tashar Ingila da ma'aikata kaɗan, ko ku kai su tsibiran Faransa na Karibiyan irin Martinique a kwance su, in ba haka ba ku nutsar da su cikin awa shida. Abu biyu suka lalata zance. Somerville ya tura Kyaftin Holland saboda ya iya Faransanci, Gensoul ya ga raini ne a turo masa kyaftin, ya ƙi ganinsa har rana ta yi nisa. Sannan saƙon da ya aika wa manyansa bai ambaci zaɓin Martinique ba, wanda shi ne mafi kusa da abin da za su iya karɓa.

Dab da ƙarfe shida na yamma jiragen Ingila Hood da Valiant da Resolution suka saki igwa masu bakin inci 15. Jiragen Faransa na ɗaure, bayansu na jikin katangar tasha, kuma biyu daga cikinsu, Dunkerque da Strasbourg, duk manyan bindigoginsu a gaba suke, wato tudu suke kallo. Jirgin Faransa Bretagne ya fashe ya kife da mutum kusan dubu. Strasbourg ya sulale ya kai Toulon. Adadin Faransawan da suka mutu, har da harin da aka sake kai wa Dunkerque ranar 6, ya kai 1,297.

A ganinmu ba dole ba ne a kai ga jini, hujja kuwa Iskandariya ce. A can Masar, inda wasu jiragen Faransa suke, Admiral Cunningham na Ingila ya yi ta lallaɓa Admiral Godfroy na Faransa, bai damu da wa'adin da Landan ke matsa masa a kai ba, har aka zuƙe man jiragen, aka cire makullan igwa aka ajiye a tudu, ba a harba ko ɗaya ba. Maganar Darlan ma ta tabbata: ranar 27 ga Nuwamba 1942, da sojojin Jamus suka kutsa Toulon, Faransawa da hannunsu suka nutsar da jirage 77, har da Strasbourg ɗin.