An zare kuɗi daga asusuna saboda bashin gidan bulo, zan iya kai ƙara?

Tambaya: Barista, ina da gidan bulo a kan hanyar Dukku a Gombe. Na karɓi rancen tallafin gwamnati ta banki, na sayi injin buga bulo da janareto. Siminti ya yi tsada, wani ɗan kwangila kuma ya kwashi bulo da intalokin bai biya ni ba, sai na daina biya. Kwatsam aka zare kuɗi daga asusuna na wani bankin daban. Ai kuɗin gwamnati ne, kuma da sunan kamfani na karɓa.

Amsa: Malam, ban ga takardar da ka sa wa hannu ba, don haka abin da zan faɗa yana iya sauyawa in na gan ta. Amma bisa bayaninka, ina jin tun farko ka ɗauki abin ba daidai ba.

Kalmar “tallafi” ce ke ruɗar mutane. Shirye-shirye irin su AGSMEIS, shirin rance ga manoma da ƙananan 'yan kasuwa wanda aka fara a 2017, bashi ne mai sauƙin ruwa, ba kyauta ba ne. Ko da gwamnati ta tsaya wa rancen, galibi bankin ta tsaya wa don kada ya yi asara, ba kai aka yafe wa ba. Tsadar siminti kuwa, duk da na san gaskiya ce, da wuya kotu ta karɓe ta a matsayin hujjar ƙin biya.

Batun kamfani ma akwai gyara. Idan sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kai da gidan bulon abu ɗaya ne a idon doka. Ko kamfani mai cin gashin kansa ne, duba ko ka sa hannu a matsayin mai tsaya masa; yawanci bankuna ba sa sakin kuɗi sai da wannan.

Zare kuɗin kuma mai yiwuwa ta tsarin GSI aka yi, wanda Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da shi ranar 1 ga Agusta, 2020. Yana ba mai bin bashi damar bin lambar BVN ɗinka zuwa kowane banki. Sai dai yana da iyaka: dole ka sa hannu a takardar amincewa, kuma uwar kuɗi da ruwanta kaɗai ake cira, ban da tarar jinkiri. Nan ne kawai nake ganin kana iya samun bakin magana. Wasu bankunan sai an matsa musu kafin su nuna lissafi, abin da bai kamata ba.

Ka nemi cikakken lissafin bashin a rubuce, ka shigar da ƙorafi a bankin. In ba su warware ba, ka kai wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Ni dai ba zan ba ka shawarar kotu yanzu ba. Za ta ci lokaci da kuɗi, ruwa yana ta hawa, kuma in injin jingina ne, masu bankin suna iya neman sayar da shi. Ka zauna da su, ka roƙi a tsawaita wa'adi a rage abin da kake biya duk wata, a rubuta. Wanda ya fi cancantar takardar lauya shi ne ɗan kwangilar nan. Ka tattaro rasit da shaidar direbobin da suka kai masa kayan.